Motar Alhaji Bunu da Ƙafar Murjanatu

Duk wanda ya ce maka babu wanda ya yi ko ƙwarzane a haɗarin motar Alhaji Bunu, ka ce masa ni Asta ina cikin motar, kuma ƙarya yake yi. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu a Tudun Wada, don haka abin da ban gani da idona ba, kunnena ya jiyo mini.

Bikin suna muka je Fika, ni da matarsa Murjanatu. Alhaji da kansa ya kai mu, ba wai son zumunci ne ya dame shi ba, sabon ham ya sa wa motar mai kukan tirela, yana neman doguwar hanyar da zai gwada shi. Dillali ne a Kasuwar Shanu, ga ƙiba ga fara'a, abokansa suna kiransa Fayilot saboda gudu, shi kuwa sunan ya fi masa Alhajin daɗi. Motar baƙa ce, kullum sai sheƙi take. An lulluɓe kujerunta da leshi, turaren da ake fesa mata ko ɗakin amarya albarka. Tayoyin ma kowace safiya sai an goge su da baƙin mai, amma in ka duƙa ka duba, sumul suke kamar kan mai sanƙo. Zanensu ya daɗe da mutuwa.

Bayan la'asar muka fito za mu dawo, hadari ya riga ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Murjanatu ta ɗaga kai ta dubi sama.

Ta ce, "Alhaji, da mun ɗan dakata ruwan nan ya wuce."

Ya ce, "Shi ruwan ne zai dakata mana. Kafin ya sauko muna cin tuwo a Potiskum. Ku shiga."

Ta shiga gaba, ni na zauna a baya. Ba mu yi nisa ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Waifa tana kaiwa tana komowa, amma abin da ake gani bai wuce tsawon tabarma ba. Masu hankali duk sun gangara gefen titi sun kunna fitilu suna jira. Alhaji ya riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya yana danna musu sabon ham ɗinsa, yana cewa, "Matsorata! Wa ya ba ku lasisi?" Shi yana da wani ilimi nasa da babu makarantar da ake koyar da shi, wai in kana gudu sosai, ruwa ba ya samun damar jiƙa taya.

Marigayi maigidana ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan tirelar shanu zuwa Kudu, kuma na sha ji daga bakinsa cewa in ruwa ya kwanta a kwalta, mota mai gudu ba a ƙasa take tafiya ba. Zanen taya ne ke kore ruwa gefe. In gudu ya yi yawa, ko zanen ya mutu, sai tayar ta hau kan ruwan, motar ta koma kwalekwale. Daga nan sitiyari ado ne. Yakan ce maganin abin tun farko a rage gudu, in kuwa ta riga ta same ka, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari yadda yake, kada ka kuskura ka danne birki.

Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah ka ɗaga ƙafarka. Ruwa ya kwanta a titin nan."

Ya yi dariya. "Asta, Allah ya ji ƙan mijinki, amma shi akwala yake ja. Wannan injin Bature ne."

Murjanatu ta dafa gaban motar da hannu biyu. "Don Allah Alhaji a rage. Wallahi gabana faɗuwa yake, kada mu faɗi."

Ku riƙe wannan magana, don da ita aka rataye baiwar Allah.

Akwai wani ɗan kwari kusa da kwalbati inda ruwa ya taru ya shafe kwalta. Muna shiga sai na ji ƙarar taya ta ɗauke ɗif, motar ta yi sakayau, tana tafiya ba ta taka komai. Alhaji ya murɗa sitiyari dama, ba ta ji ba. Ya murɗa hagu, ba ta ji ba. Sai ya tattara duk ƙibarsa ya danne birki. Muka juya, muka sake juyawa, na ga gero, na ga sama, na sake ganin gero. Fayilot guda yana ihu yana kiran uwarsa, "Wayyo Hajja! Wayyo Hajja!" Gefen da Murjanatu take ne ya daki simintin kwalbatin, sannan muka zube cikin gonar wani bawan Allah.

Ni goshina ne ya kumbura. Alhaji ya fito garau, hularsa kawai ta faɗa taɓo. Ya zagaya motar, ya ɗora hannu a ka, ya ce, "Inna lillahi! Bamba ta tafi! Fitila ta tafi!" Yana nan yana shafa ƙarfe da bakin rigarsa, wasu manoma da suka fake a ƙarƙashin bishiya suka rugo, su suka ɓalle ƙofa suka zaro Murjanatu. Ƙarfen gaban motar ya danne mata ƙafar dama. Ƙasan gwiwa ya karye, ƙashi ya huda fata ya leƙo waje, ruwan sama yana wanke jinin.

Wata a-kori-kura ce ta kwaso mu. Na ce wa direban ya wuce da mu asibiti kai tsaye. Alhaji ya ce a'a, gida tukuna, a sanar da Hajja.

Hajja Gana ita ce mahaifiyarsa, a gidan take zaune, kuma tun da ta haifi Bunu ba ta taɓa ganin ya yi kuskure ba. Ta fito da carbi a hannu, ta shafa fuskarsa, ta shafa ƙirjinsa, ta juya shi ta duba bayansa, sannan ta tambayi yadda aka yi.

Ya ce, "Bakinta ne, Hajja. Tun daga Fika take kiran faɗuwa. Kada mu faɗi, kada mu faɗi, har ta ruɗa ni."

Hajja ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Mace ta zauna a gaban mota tana kiran masifa? Ai baki shi ke yanka wuya. Ga shi kin jawo wa yaro asara."

Yaron nan fa furfura ta fara cin gemunsa. Murjanatu tana kwance a tabarma tana cizon mayafi don azaba. Ni na amsa a madadinta. Na ce ba baki ba ne, gudu ne da tayoyin da suka sude, kuma ƙafar nan ta asibiti ce. Hajja ta dube ni sama da ƙasa ta ce Allah ya raba ta da maƙwabcin da ya fi mai gida sanin gidansa. Asibiti kuwa, in ji ta, ba su san komai ba sai zarto, ka je da ƙafa biyu ka dawo da ɗaya. Aka aika a kira Malam Joda mai ɗori.

Malam Joda ya zo da jakarsa ta fata da daurin karare. Ya sa aka riƙe ta, ya ja ƙafar har sai da ihunta ya tayar da tantabarun unguwa. Ya cusa garin magani a ramin ciwon, ya shafe da man shanu, ya jera karare, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau kamar mai ɗaure buhun gawayi. Sannan ya ce a kawo kaza. Ya karya mata ƙafar dama ita ma, ya yi tofi, ya ɗaure da 'yan tsinke. Ya ce ranar da kaza ta taka, mai ƙafa ta warke. Ya kafa sharaɗi biyu, kada a kwance, kada a yi allura, don allura da ɗori ba sa ga maciji.

Kafin Laraba ta zagayo, ranar cin Kasuwar Shanu, labarin haɗarin ya yi ƙiba ya fi mai shi. Yarana suka dawo mini da shi daga gari. Wai guguwa ce ta ɗaga motar sama, Fayilot ya riƙe kwantirol da hannu ɗaya, ya sauke ta a gona kamar jirgi, kuma cikin mutum uku babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Dillalai suka riƙa zuwa jaje ƙungiya-ƙungiya. A shimfiɗa musu darduma a zaure, a kawo shayi, Alhaji ya miƙe tsaye ya nuna yadda ya murɗa sitiyari, daga nan a ɗunguma zuwa gareji a gaida mota. Maza ba sa shiga cikin gida, saboda haka ɓoye mace mai karaya bai fi ɓoye allura wuya ba. In nishinta ya yi yawa, sai Hajja ta ƙara muryar rediyo.

A nan na gane abin da ya hana asibiti. Ba zarto Alhaji yake tsoro ba. Asibiti wuri ne na jama'a, wani zai ga matar Fayilot a kan gado, ya kai labari kasuwa, shi ke nan jirgi ya faɗo.

Kullum da hantsi nakan shiga in duba ta. Murjanatu tela ce, keken ɗinkinta na ƙafa ne, kuma duk matan layinmu ita ke mana ɗinki. Mace ce mai barkwanci, ko a kwancen nan ba ta daina ba. Ta nuna mini kazar da aka ɗaure a gindin gadonta, ta ce, "Adda Asta, ga abokiyar jinyata. Ita ana ba ta gero da ruwa a kan kari, ni sai Hajja ta idar da lazimi." Muka yi dariya, amma idona yana kan yatsunta. Sun kumbura sun yi suntum, suna ƙyalli.

Wayarta ta fashe a haɗarin, ba a kuma saya mata wata ba. 'Yan uwanta suna Nangere. Alhaji ya buga wa yayanta Muhammadu Lawan ya ce masa ɗan targaɗe ne, kada ya bar noma ya taso a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ita mota fa jinya ta karɓe ta. An yo mata odar bamba daga Kano. Mai gyaran jiki ya buge lanƙwasar, aka yi mata fenti har sau biyu don na farkon bai yi wa Alhaji baƙi sosai ba. Safe da yamma yana gareji, ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Hajja ta sa aka soya ƙosai aka raba sadaka don Allah ya tsare ta daga bakin mutane. Ɗakin Murjanatu kuwa, daga bakin ƙofa yake tsayawa ya ce, "Ya jiki? Da sauƙi ko? To madalla," ya wuce kafin ta buɗe baki.

Zazzaɓi ya shigo. Da rana tsaka tana rawar sanyi, leɓenta ya bushe ya tsage. Daga baya wari ya fara tashi daga cikin tsumman. Hajja Gana Babarbariya ce ta asali, ta san turaren wuta kamar yunwar cikinta, sai ta jera kasko biyu a ɗakin, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Wanda ya shigo sai ya rantse biki ake. Amma ƙuda ba ya jin yaren turare, yana nan yana bin tsumman.

Wata safiya na tarar da Murjanatu tana kallon rufi. Na zauna a bakin gado, ta kamo hannuna.

Ta ce, "Adda Asta, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ko dai bakin nawa ne? Da na yi shiru, da mun iso lafiya?"

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba. Sun karya mata ƙafa, sun kuma ɗora mata laifin, har ta fara sa hannu tana tallafe kayan. Na ce mata in baki ne ke kayar da mota, da babu motar da za ta fita daga tasha, don babu abin da fasinja ba sa faɗa. Ta yi murmushi kaɗan. Sannan ta ce tana da albishir, yatsun sun daina yi mata zafi tun jiya, ko an taɓa ba ta ji. Na ɗaga zanen na duba. Sun yi baƙi, na taɓa su na ji sanyi kamar randa.

Na fita na tsare Alhaji a zaure yana sa takalmi.

Na ce, "Alhaji Bunu, ƙafar matarka tana ruɓewa. Ka kai ta asibiti yau."

"Malam Joda ya ce baƙin jinin ne ke fita."

"Malam Joda ya shigo ya shinshina da hancinsa?"

"Asta, komai ƙaddara ne. Abin da Allah ya rubuta babu likitan da zai goge."

"To don me ba ka bar wa ƙaddara motar ta gyara ba? Ita ka kai ta wurin masu gyara. Ka ma canja tayoyin?"

Ya zaro ido. "Me tayoyin suka yi? Ko faci ba su yi ba! Ke dai tun da mijinki ya rasu ba ki da aiki sai sa ido. Daga yau kada ƙafarki ta sake taka gidan nan."

Na ce masa ƙafata dai tana nan lafiya, ta Murjanatu ake magana. Ya rufe ƙofa da sakata.

Ya manta katanga ba ta da sakata. Na jawo turmi na kife a gindinta, in na hau ina hango tsakar gidansu har bakin ɗakin Murjanatu. Daga kan turmin nan na ga ranar da kaza ta taka. Hajja ce ta kwance mata tsinken, kazar ta ɗan yi ɗingishi, ta karkaɗe fiffike, ta bi wani ƙwaro da gudu. Hajja ta rangaɗa guɗa. Ta shiga ɗaki ta ce wa Murjanatu ta tashi, magani ya ci.

Ina jin muryar Murjanatu sama-sama tana cewa, "Hajja, ba zan iya ba."

"Kaza ma da ba ta da hankali ta taka, ke me kike jira? Kwanciya ta yi miki daɗi ko? Tun da aka yi abin nan ni nake shiga madafa da tsufana. Tashi!"

Ta kamo ta ta jawo har bakin ƙofa. Murjanatu ta rame ta zama kamar ba ita ba, idanu sun faɗa. Ta dafa bango, ta sauke ƙafar a ƙasa, sai ta sulale ta zube ko motsi babu. Hajja ta yayyafa mata ruwa tana cewa shagwaɓa ce irin ta matan zamani. Na yi ihu daga kan katanga na ce wallahi in yarinyar nan ta mutu sai na faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa abin da ya kashe ta. Hajja ta wurgo mini murfin tukunya.

Ban tsaya neman mayafin kirki ba, na shiga motar Nangere. A gona na samu Muhammadu Lawan yana maimai, dogo ne marar yawan magana. Na faɗa masa komai. Ya jingina fartanya a jikin bishiya, ya biyo ni da taɓo a ƙafarsa.

Muka tarar Alhaji ba ya nan, ya tafi karɓo mota, ranar aka sallame ta daga gareji. Lawan ya yi sallama sau ɗaya ya shige. Hajja ta tare ƙofar ɗakin da hannu biyu.

"Ba a fitar da matar aure sai da izinin mijinta. Wannan addini ne, ba ni na ce ba."

Ya ce, "Hajja, ke uwa ce, ina ganin girmanki. Matsa."

Ya ɗaga zanen. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya ya ɗauki ƙanwarsa kamar ƙaramar yarinya, ya fito da ita ta gaban Hajja, ta gaban kaskon turare, ta gaban kaza, muka sa ta a napep.

Likitan da ya karɓe mu saurayi ne, amma da aka yanke tsumman sai da ya kau da kai. Ya tambayi wanda ya yi wannan ɗauri, da kuma tun yaushe. Muka faɗa masa. Ya ce karayar kanta ba wani abin tashin hankali ba ce, irinta suke gyarawa kullum, da ranar aka kawo ta da yanzu tana koyon takawa. Ɗaurin ne ya hana jini sauka, ciwon kuma ya ruɓe a rufe. Yanzu dafin yana hawa. Ko a cire daga ƙasan gwiwa, ko a rasa ta gaba ɗaya. Lawan ya jingina da bango yana hawaye. Murjanatu ce da kanta ta buɗe ido ta ce, "Dokta, ina da yara. A cire."

Washegari aka yi aikin, kuma ta kama Laraba. Potiskum ba ta riƙe sirri, mai napep ɗin da ya ɗauke mu ya riga ya kai labari kasuwa. Bayan azahar sai ga Alhaji ya shigo harabar asibiti da baƙar motarsa tana walƙiya, Hajja a baya, dillalai sun biyo shi a mota biyu, don zumunci ko don ganin ƙwaƙwaf, Allah masani. Tun kafin ya rufe ƙofa ya fara ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ba na faɗa ba? Ba mun ce asibiti yanke ƙafa suke yi ba? Ana cikin magani, kaza har ta taka, aka zo aka sace mini mata! Ga abin da gaggawa ta jawo!"

Hajja tana share ido tana cewa Allah ya isa tsakaninta da maƙwabtan zamani. Na buɗe baki zan wanke su tas, sai ga wata nas ta fito da Lawan a bayanta. Yana rungume da wani abu dogo, naɗe cikin farin ƙyalle da ya sayo tun da safe. Gaɓar ɗan Adam ba a yar da ita a bola, binne ta ake yi a maƙabarta, kuma nas ta ce a ɗauke ta yanzu. Daidai lokacin aka fara yayyafi, sama ta yi duhu.

Lawan ya tsaya a gaban Alhaji. "Buɗe mota. Kai za ka kai ta."

Alhaji ya ja da baya. "A samo napep mana. Yanzu aka wanke kujerun."

"Buɗe."

Ya dubi abokansa, babu wanda ya dube shi. Ya zagaya baya zai buɗe but, inda ake sa kaya.

Lawan ya ce, "Ba kaya ba ce. A gaba ka ɗauko ta, a gaba za ka kai ta." Ya buɗe ƙofar da kansa, ya kwantar da ƙunshin a kan leshi, shi ya shiga baya.

Wani dattijo cikin dillalan ya matso ya leƙa ta gilas, ya daɗe yana kallon farin ƙyallen, sannan ya ɗago ya ce, "Fayilot, ashe ƙwarzanen ke nan?" Babu wanda ya yi dariya. Suka koma motocinsu don su raka.

Ruwa ya sauko da ƙarfi. Ina tsaye a baranda na ga Alhaji ya tayar da mota, hannu biyu a kan sitiyari, ya fita daga ƙofar asibiti kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ya kunna fitilu. Inda ruwa ya taru a bakin titi sai ya kusan tsayawa, ya lallaɓa ya ratsa. Ko sau ɗaya ban ji kukan ham ba.

Na tsaya a wurin raina yana tafasa. A garin nan za a ce ƙaddara ce, kuma na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta taka totur ba, ba ita ta ƙi sayen taya ta sayi ham ba, ba ita ta kunna turare a kan ƙafar da ke ruɓewa ba. Mace ta ga haɗari ta yi magana, an ce bakinta ne. Da ta yi shiru, da an ce ba ta yi addu'a ba. Gidaje nawa ne a layinmu kaɗai ake rufe ciwon mace da rediyo don kada girman maigida ya zube a majalisa? Girman da ba ya tsayuwa sai an ɗora shi a kan ƙafar wani, Allah ya sauwaƙe mana shi.

Wajen la'asar Murjanatu ta farka sosai. Ta dubi zanen gadon, inda ya kwanta shafe daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo gare ni.

"Ina aka kai ta?"

"Maƙabarta. An naɗe ta da kyau, Yaya Lawan ne ya sayo ƙyallen."

"Wa ya kai?"

"Alhaji, a motarsa. Da Yaya Lawan."

Ta kasa kunne, ruwa yana dukan kwano kamar zai huda shi. Sai ta yunƙura za ta tashi, ta riƙo hannuna da ƙarfi. "Cikin ruwan nan? Yaya Lawan yana cikin motar? Adda Asta, don me kika bari?"

Na mayar da ita na kwantar. Na ce, "Kwantar da hankalinki. A hankali ya tafi. Wallahi ina kallo napep ta wuce shi, mai keke ma ya wuce shi. Duk inda ruwa ya kwanta sai ya rage."

"Alhaji?"

"Shi da kansa."

Ta saki hannuna. Ta mayar da kai kan matashi, ta juya fuskarta wajen taga, hawaye ya gangaro ya shige kunnenta.

Ta ce, "Ashe ya iya."